Wa Ke da Izinin Buɗe Gafaka? Tarihin Takardunmu Daga Sakkwato Zuwa Fashaga

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



A gidaje da yawa na garuruwanmu da ke bakin kogin Atbara da Sitit akwai wata gafaka ko akwatin ƙarfe da ba kowa ke taɓawa ba. A ciki za a tarar da Alƙur'ani rubutun hannu, da warƙoƙin fiƙihu da suka yi ja saboda tsufa, da silsilar malaman gidan, da takardar gona, da wasiƙar wani kaka da ya aiko daga Makka, wani lokaci har da kundin asirai. Yau wayar hannu ta kawo wa waɗannan akwatuna tambayar da ba za a iya kauce mata ba. Matasanmu suna cewa a ɗauki hoton komai a ɗora a intanet, domin duk wanda ya rubuta sunanmu a Google ya ga cewa muna da tarihi. Dattawa kuwa suna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma abin da ya shiga hannun injin bincike ya fita daga hannun mai shi har abada.

Kowane ɓangare yana da hujja, kuma gardamar ta girmi intanet. Kakanninmu sun ɗanɗana ɗacin bayyanawa, sun kuma ɗanɗana ɗacin ɓoyewa. Kafin mu yanke hukunci, ya dace mu san abin da ya same su a kowane hali.

ƘA'IDOJI BIYU DA MUKA TASHI DA SU

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji gargaɗi mai tsanani da ya zo a hadisi game da wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Ya kuma ji cewa abin da aka faɗa a majalisa amana ne a wuyan waɗanda suka halarta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wadda ke ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ashe addininmu ya hore mu da rubutawa da yaɗawa, ya kuma hore mu da riƙon amana.

Malaman da suka gabata sun haɗa waɗannan ƙa'idoji ta hanyar ijaza. Littafi a buɗe yake ga mai nema, amma sai ya zo ya yi sallama, ya zauna, ya karanta a gaban wanda ya san shi, sannan a ba shi izinin kwafa da karantarwa. Mai littafin ya san wanda ya karɓa, mai karɓa ya san daga wa ya karɓa, kuma sunayen duka biyun suna shiga silsila. Ilimi yana tafiya daga Katsina zuwa Agadas, daga Borno zuwa Sinnar, amma kowane zango yana da mai shi. Baƙon abu a wajensu shi ne mutumin da ba a san shi ba ya kwashi takardun mutane gaba ɗaya, ya jera su, ya yi musu fihirisa, ya riƙa ciro duk sunan da yake so a duk lokacin da ya so.

BAƘIN FARKO MASU TAMBAYA

A shekarar 1824 Baturen Ingila Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da karamci. Ya tattauna da shi kan addini da ciniki, ya ba shi taswirar ƙasar, aka kuma kwafa masa wani yanki na littafin Infaƙul Maisuri. Cikin shekara biyu an fassara wannan yanki an buga shi a Landan, a 1826. Sai dai Bello bai sake masa hanya ya gangara Yawuri da Nufe don bin kogin Kwara ba. Da Baturen ya dawo a ƙarshen 1826, lokacin ana zaman doya da manja tsakanin Sakkwato da Borno, sai aka hana shi wucewa, aka kuma karɓe wasiƙar da yake ɗauke da ita zuwa ga Shehu Laminu na Borno. A can ya rasu a watan Afrilu 1827.

Abin lura a nan shi ne yadda Bello ya rarrabe abubuwa. Tarihi da ilimi ya bayar da hannu biyu. Hanyar kogi da saƙon da zai ƙarfafa abokin gaba ya riƙe. Haka kuma a 1853, lokacin da Bajamushe Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarimu, ya sauka a Gwandu, an ara masa Tarikhus Sudan na 'yan kwanaki, ya kwafi abin da ya iya, ya mayar. Ta wannan aro ne Turai ta fara sanin tarihin daular Songai daga alƙalamin 'ya'yanta, ko da yake Barth ya jingina littafin ga Ahmad Baba alhali na Abdurrahman as-Sa'adi ne. A duk waɗannan lokuta mabuɗin yana hannun masu gida.

SHEKARUN DA AKA FASA AKWATUNA

Ƙarshen ƙarni na 19 ya zo da wani salo dabam. A 1890 sojojin Faransa ƙarƙashin Archinard suka ci birnin Segu, suka kwashe ɗakin littattafan Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Futi. An kai su Faris, fiye da mujalladi 500, kuma suna can har yau a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Cikakkiyar fihirisarsu ba ta fito ba sai a 1985, bayan shekara 95 da kwashe su. Mutanen Ahmadu kuwa sun yi hijira zuwa ƙasar Sakkwato ba tare da littattafansu ba, daga baya wasunsu suka shiga ayarin da ya nufo gabas tare da kakanninmu.

A nan Sudan, bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba 1898, jami'an leƙen asiri na rundunar Kitchener, ƙarƙashin Wingate, sun tattara takardun daular Mahadiyya da suka samu a Umdurman: wasiƙu, da daftarin baitulmali, da sunayen amirai da na masu mubaya'a. Daga cikin waɗanda suka yi musayar wasiƙu da Imam Mahadi har da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa. Takardun da aka rubuta domin 'yan'uwa sai suka zama madubin da sabuwar hukuma ke duba wa ke tare da wa.

Sai shekarar 1903. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu, Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita da jama'a masu yawa da niyyar hijira zuwa gabas, aka bi shi har Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mutanensa. A can Sakkwato kuma Turawa sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakunan ƙasa suka riƙa aikowa suna ba da labarin motsin Nasara, suna neman shawara, suna bayyana abin da ke zukatansu. An fassara su zuwa Turanci, kuma a 1927 wani jami'i mai suna Backwell ya buga su a Ikko. Sarkin da ya rubuta wa Waziri cikin sirri bai taɓa zaton cewa wanda yake kuka da shi ne zai karanta wasiƙar ba.

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, yana cikin waɗanda suka tsira daga Burmi. Ya ratsa ƙasashe har ya iso bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, ya sauka kusa da Shaikh Talha, daga baya aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Mutanen da suka iso tare da shi, da waɗanda suka biyo baya, sun zo da darasi guda a zuciya: takarda tana iya zama shaida a kan mai ita.

LOKACIN DA SHIRU YA ZAMA GARKUWA

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar musu da wannan darasi. Gwamnatin haɗin gwiwar Ingila da Masar ta hana karatun Ratibin Mahadi a bainar jama'a a shekarunta na farko. A Najeriya, bayan tawayen Satiru na 1906, duk wanda aka ji ƙanshin Mahadiyya a jikinsa ya shiga idon hukuma. A 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa ta ƙasar Fika, ana tuhumarsa da alaƙa da Sayyid Abdurrahman al-Mahadi da kuma tara jama'a, aka kai shi zaman talala a Buea ta Kamaru, inda ya shafe shekaru masu yawa.

A tsakiyar shekarun 1920 gwamnatin Najeriya ta turo wani jami'inta mai suna Lethem ya bi hanyar alhazai ta ƙasa, ya ratsa Sudan har Jidda da Alƙahira. Aikinsa shi ne ya gano su wane ne shugabannin mutanen yamma a kowane zango, wa ke rubuta wa wa, kuma wace takarda ce ke komawa gida a cikin gafakar mahajjata. Rahotonsa, wanda aka haɗa da na Tomlinson, an buga shi a 1927 domin amfanin jami'an gwamnati kawai. Ga abin mamaki: hukumar da ke son sanin asirin kowa ita kuma ta rufe nata rahoton.

A irin wannan yanayi kakanninmu suka koyi taƙaita magana. In baƙo ya tambayi sunan gari na asali, sai a ce masa daga yamma. In ya tambayi yaushe aka zo, sai a ce muna kan hanyar Makka. Wannan amsa gaskiya ce a zukatansu, domin da yawa sun rayu sun mutu suna ɗaukar kansu mahajjatan da ba su ƙarasa ba, har wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a 1995 kan wannan hali na Hausawan Jazira. Amma amsar ta kuma zama labule. Mai ƙidaya ya zo ya wuce, mai haraji ya zo ya wuce, gafaka tana rataye a ƙuryar ɗaki. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya, kuma babu mai adalcin da zai zarge su.

KUƊIN DA MUKA BIYA

Sai dai labulen da ya kāre kaka shi ne ya rufe jika. A 1948 aka yi dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, dokar jinsiyya ta 1957 kuma ta bi sawunta. Sharaɗin shi ne mutum, ko kakanninsa ta wajen uba, su kasance mazauna ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Daga baya aka sassauta zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta mayar da shi ranar 1 ga Janairu 1956. Duk da haka, wanda ya taɓa tsayawa a layin neman jinsiyya, ko na lambar ƙasa da aka fara bayarwa bayan dokar rajistar jama'a ta 2011, ya san tambayoyin da ake yi wa mai suna irin namu: kawo shaidar ubanka, kawo ta kakanka, kawo wanda zai rantse. Mutanen da suka yi shekara hamsin suna guje wa rajista sai ga jikokinsu ana neman sunansu a cikinta.

Abin takaicin shi ne tarihin yana tare da mu. Mutanen yamma, waɗanda Larabawa ke kira Takarir, daga Darfur har ƙasashen da ke bayanta, sun san wannan yanki tun kafin Turawa. Matafiyi Burckhardt ya gamu da mahajjatansu a kan hanyar Shandi zuwa Sawakin a 1814. Samuel Baker, wanda ya yi damina a Sufi a bakin Atbara a 1861, ya isa Gallabat a 1862 ya tarar da ita ƙarƙashin shehun Takarir, da kasuwa mai ci da gonakin auduga. Daga baya jama'armu suka yi aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, suka shiga gonakin Jazira, suka biyo layin dogo da ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, suka yanki dawa da riɗi tun da aka fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940. Amma a duba da kyau: kusan duk shaidar da muka jero yanzu daga alƙalamin baƙi ta fito. Su suka rubuta, aka buga, aka yi fihirisa, shi ya sa ake samunta. Tamu shaidar tana cikin akwati, gara tana ci, ruwan damina yana jiƙawa, kuma duk tsohon da ya rasu ya tafi da rabin bayaninta.

Ƙasar da muke takawa ma shaida ce kan ƙarfin takarda. Yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin Ingila da Sarki Menelik na Habasha ranar 15 ga Mayu 1902, da alamomin iyaka da Manjo Gwynn ya kafa a 1903, shekarar Burmi, su ne har yau ake ɗagawa duk lokacin da maganar Fashaga ta tashi. Habasha ta daɗe tana ƙorafin cewa ba da wakilanta aka kafa alamomin ba, an yi musayar takardu a 1972, kuma a ƙarshen 2020 sojojin Sudan suka koma cikin gonakin. Fiye da shekara 120 ke nan rahoton mutum ɗaya yana auna makomar manoma dubbai, saboda an adana shi a inda za a same shi. Haka kuma da aka gina madatsun Atbara da Sitit, waɗanda suka fara aiki a 2017, aka tashi garuruwan bakin kogi, sunan da ke cikin daftarin ƙidaya shi aka kira ranar rabon gida da diyya.

WAƊANDA SUKA BUƊE DA SHARAƊI

Akwai hanya ta uku a tarihin, kuma malamai ne suka share ta. A Sakkwato, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya gāji ɗakin littattafan gidan Waziri, ya ƙara masa, ya kuma buɗe shi ga masu bincike. Amma a gidansa ake karatu, a gabansa, shi ke nuna abin da za a duba, shi ke gyara fahimtar mai karatu. Daga wannan zaure Murray Last ya rubuta tarihin daular Usmaniyya da ya fito a 1967, wanda ya dogara da takardun Larabci na mutanen daular kansu. Daga gidan kuma aka tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu. A Ibadan an kafa cibiyar tattara takardun Larabci a 1964, a Zariya aka fara shirin binciken tarihin Arewa a wannan shekarar, a Kaduna aka kafa Arewa House a 1970. Tsarin da aka fi bi shi ne a ari littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi da asalinsa.

A Khartum, takardun Mahadiyya da aka kwashe a matsayin ganima sun dawo sun zama taskar ƙasa. Holt ya fara tsara su a shekarun 1950, sannan Dakta Muhammad Ibrahim Abu Salim ya shafe shekaru masu yawa yana shugabantar Darul Wasa'iƙ, ya tattara rubuce-rubucen Imam Mahadi ya buga su mujalladi bakwai. Fihirisar da aka fara domin farautar mutane ta koma hannun 'yan ƙasa ta zama hanyar sanin kai. Wannan ya nuna mana cewa ita fihirisa wuƙa ce, aikinta yana bin hannun da ya riƙe ta.

Tambutu ta ba da darasi mai fuska biyu. Iyalan birnin sun ɓoye littattafansu daga Faransawa shekara da shekaru, shi ya sa ba su bi na Segu zuwa Faris ba. Da masu ɗauke da makamai suka mamaye birnin a 2012, iyalan suka sake fitar da littattafai a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. A watan Janairu 2013 aka ƙona kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawa sun tsira. Sirri ne ya cece su a kan hanya. Amma da a ce masu su ba su san abin da ke gidan wane da gidan wane ba, da ba a san abin da za a ɗauka ba. Sun rufe wa baƙo, su kuwa a tsakaninsu sun san lissafin kayansu.

ZAMANINMU

Mu ma mun ga fuskokin biyu da idonmu. A 2008 wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin maganar da ke cire Hausawa daga 'yan ƙasa, fadarsa ta musanta, amma kafin nan jama'a sun fito a Gadarif da wasu birane, har aka yi asarar rayuka. A watan Yuli 2022 rikicin jihar Shuɗin Nilu ya ɓarke, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ɗaruruwa suka rasu, dubbai suka bar gidajensu. A waɗannan kwanaki mun ga yadda ake tsinto tsohuwar magana ko hoto daga shafukan sada zumunta, a yanke kai da gindi, a watsa domin hura wuta. Wanda ya ga haka ba zai raina tsoron dattawa ba.

Sannan yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna mana ɗaya fuskar. Ɗakin karatu na cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone. An wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum. Yaƙi ya ci Wad Madani a Disamba 2023, ya kai Sinja da garuruwan jihar Sinnar a tsakiyar 2024, 'yan'uwanmu suka iso Gadarif da kayan jikinsu kawai. Wanda ke gudun ceton rai ba ya ɗaukar akwatin ƙarfe. Abin da aka riga aka ɗauki hotonsa, kamar wanda shirin Sudan Memory ya tattara kafin yaƙin, ko wanda ke taskar Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila tun 1957, yana nan ana iya dubawa. Wanda ya ga haka shi ma ba zai raina gaggawar matasa ba.

A ƙofar wasu gidaje na ƙasar Hausa akan rubuta "Ba shiga". Rubutun ba ƙofa ba ne, ba kwaɗo ba ne, mai mutunci kaɗai yake tsayarwa. Masana intanet suna da irinsa tun 1994: 'yar sanarwa da mai shafi ke ajiyewa yana roƙon injinan bincike kada su shiga su kwashi abin da ke ciki. Manyan injina sukan girmama ta, ɓarawo kuwa ba ruwansa. Saboda haka kada wani ya ce mana ya ɗora takardar gidansu amma ya rufe ta. Magana zarar bunu ce, kuma hoton da ya shiga waya goma ya riga ya fita.

ABIN DA MUKE GANI

Tarihin nan bai ce mu rufe komai ba, bai kuma ce mu zubar da komai a kasuwa ba. Ya nuna mana aikin Muhammadu Bello da na Waziri Junaidu: a rarrabe, kuma mabuɗi ya zauna a gida.

Kashi na farko shi ne abin da ya kamata duniya ta sani: tarihin kafuwar garuruwanmu, da sunayen malaman da suka buɗe makarantun allo da shekarunsu, da littattafan ilimi da aka kwafa a nan, da labarin aikin da iyayenmu suka yi a gona da kogi da layin dogo. Wannan a rubuta shi da Hausa da Larabci, a sa masa suna da shekara, a ɗora shi inda kowane mai bincike zai same shi. Ɓoye irin wannan shi ne ɓoye ilimin da aka yi mana gargaɗi a kansa, kuma shi ne ya bar wasu suna ba da labarinmu yadda suka ga dama.

Kashi na biyu shi ne abin da ke shaida haƙƙi: takardun gona, da rasiɗin haraji na da, da takardun aure da gado, da tsofaffin takardun tafiya, da silsilar dangi. Waɗannan a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi a wuri biyu ko uku a garuruwa dabam-dabam, a hannun amintattu. Kada a ɗora su a Facebook, domin suna ɗauke da sunayen rayayyu da iyakokin gonaki, kuma takardar da ke kāre ka a gaban alƙali tana iya zama makami a hannun mai ƙirƙirar ta jabu.

Kashi na uku shi ne amanar majalisa: sulhun da aka yi tsakanin gidaje, da wasiƙun da ke ɗauke da sirrin iyali, da kundin da malami ya bar wa magajinsa. Wannan ya zauna inda yake, sai da izinin masu shi.

A saman duka ukun muna buƙatar abin da kakanninmu ba su samu sararin yi ba, wato fihirisa tamu ta kanmu. Kowane gari ya sami daftari a hannun limami ko shehun unguwa, a rubuta cewa gidan wane akwai takarda kaza, ta shekara kaza, a kan batu kaza, ba tare da an kwafe abin da ke ciki ba. Mai bincike, ɗan gida ne ko baƙo, ya zo ta zaure ya yi sallama, a san sunansa da manufarsa, a yi sharaɗi da shi cewa zai dawo da kwafin abin da ya rubuta. Ɗalibanmu da ke jami'o'in Gadarif da Kasala su ne suka fi dacewa da wannan aiki, tare da dattijon da zai zauna kusa da su yana faɗa musu wane ne wane. Farfesa Al-Amin Abu Manga ya riga ya nuna cewa ɗan cikin gida yana iya rubuta harshen mutanensa da tarihinsu a matsayin da duniyar ilimi za ta karɓa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Waɗanda suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka yi ta da ƙafarsu sun kusa ƙarewa, kuma takarda ba tare da mai bayaninta ba rabin shaida ce. Muna roƙon kowane mai karatu da ke da tsoho a gida ya zauna da shi kafin damina mai zuwa, a buɗe gafaka tare, a rubuta abin da ke ciki da abin da ya sani a kansa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka kwanta a Burmi da waɗanda suka kwanta a kan hanya da waɗanda suka iso. Allah Ya zaunar da ƙasarmu Sudan lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya ba mu ikon riƙe amana.